Akuyar Inna da Takardar Likita

Ba zan taɓa mantawa da hutun daminar bara waccan ba, ko da na so, don har yau in na ji kukan akuya sai gabana ya faɗi. Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a Damagaram, ina da 'ya'ya biyar da furfura a gemu, amma abin da na aikata a garinmu, wani ƙauye kusa da Gangara, ko ɗan aji ɗaya ba zai yi shi ba.

Ni mutum ne mai jiki (haka masu tausayina ke faɗa, ɗalibaina kuwa suna da tasu kalmar, ba zan maimaita ta ba). Wata huɗu kafin hutun, jiri ya kwashe ni a gaban allo, na zube da alli a hannu. A asibiti aka ɗora ni a sikeli, aka ce kilo ɗari da goma sha takwas, jini ya hau, sukari kuma yana bakin ƙofa. Likitar, wata siririyar mata da ba ta san dariya ba, ta rubuto mini takarda: ba fura da sukari, ba soye-soye, tuwo ko shinkafa kada su wuce dunƙulen hannuna, sauran ganye ne da tafiyar ƙasa kullum safe. Ta ce, "Malam, in ba ka rage wannan jikin ba, ba kai za ka aurar da 'ya'yanka ba." Maganar ta shige ni. Na bi takardar nan sau da ƙafa har kilo goma sha ɗaya suka tafi, sai da matata ta kai wandunana wurin tela. Ina ta jin kaina, har wa'azi nake yi wa abokan aiki a kan mai da gishiri.

Da aka ba da hutu sai na hau mota zuwa gida. To, ni ne ɗan farin Inna, kuma Inna mutuniyar zamanin da ce. Tunda na zo duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai "wancan" ko "mai lakwal". Ba ta zama ta yi hira da ni, ba ta kallona ido cikin ido. In tana da magana sai ta faɗa wa wani ina zaune ina ji. Duk abin da uwa ke faɗa wa ɗanta, ita a cikin kwano take zuba shi ta aiko. Na san haka tun ina ƙarami, kuma da saninsa na yi abin da na yi.

Ina sallama ta ɗago kai ta dube ni sau ɗaya, ta juya wurin Hadiza, matar ƙanena Sani, ta ce, "Me suka yi masa a birnin nan? Dubi wuyansa." Nan ne ya kamata in buɗe baki in ce, Inna, lafiyata nake nema, likita ce ta sa ni. Sai na yi dariyar yaƙe na ce aiki ne ya yi yawa.

Watan Agusta ne, gero bai nuna ba, rumbuna duk sun yi ƙasa. Gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Amma a yankinmu na Damargu in ɗan gari ya dawo, kowane gidan dangi sai ya aiko da kwanonsa, ko da su za su kwana da ruwan kunu. Ranar farko kwanuka bakwai na ƙirga a ɗakina. Tuwon gero da miyar kuka, shinkafa da wake tana ninƙaya cikin man gyaɗa, ɗanwake, ga ƙwaryar furar Inna da sukari har yana kwanciya a ƙasa. Na zauna ina kallon su kamar wanda aka kawo wa sammaci. Ta yaya zan dubi mutanen da ke auna hatsi da tafin hannu in ce musu ciwona cin abinci ne ya yi mini yawa? In kuma na mai da kwano da saura, gobe gari ya ɗauka ɗan boko ya raina girkin ƙauye. Na yi tunanin in kira yara su cinye, amma yara ba su san rufin asiri ba.

A ɗakin marigayi babana aka sauke ni, ɗakin kuma yana da 'yar taga ta baya. Daidai ƙarƙashin tagar nan turken Kyalla yake. Kyalla jar akuya ce mai farin goshi, ita kaɗai ta rage wa Inna bayan wata muguwar shekara da ta share mata garke. Tunda babana ya rasu da ita Inna ke hira. Tana yi mata faɗa, tana ba ta labarin 'yan unguwa (in faɗi gaskiya, akuyar nan ta fi ni jin muryar uwata). Kyalla na da ciki tsoho, Inna na ta ɗokin ta haihu a samu nono a gida.

Da rana maza duk suna gona, mata na can cikin gida, ni kaɗai ne a ɗaki. Na ci dunƙulen hannuna na tuwo kamar yadda takarda ta ce, na leƙa taga, Kyalla ta ɗago kai muka haɗa ido. Na miƙa mata loma ɗaya ta lashe. Na ƙara ta lashe. Kafin la'asar kwanuka bakwai sun koma gidajensu wayam, ni kuma na kwanta ina yaba wa kaina dabara. Wai ni mai ilimi, na faranta wa likita, na faranta wa dangi, har dabba ta samu rabonta.

Washegari Hadiza ta shigo ɗaukar kwanuka tana murmushi. Ta ce, "Yaya, Inna ta yi murna jiya. Ta ce ashe yunwa ce kawai, a ƙara hatsi." Daga ranar Inna ta karɓi taɓarya daga hannun Hadiza, ta ce ita za ta daka furar mai lakwal da kanta, ga shi kafaɗarta ta dama ta daɗe tana ciwo. Ina dawowa daga tafiyar safe (wadda ta sa masu amalanke ke tsayawa suna tambayata ko wani abu na yar a daji), sai in ji dakan nan, tana yi tana hutawa. Zuciyata takan sosu. Amma in rana ta yi sai in buɗe taga. Kwana biyar ina haka. A rana ta biyar Gwaggo Hajo, ƙanwar babana, ta aiko da makaroni dafa-duka a babban kwano mai murfi, abin da ba a gani a ƙauyenmu sai da suna ko biki. Na ci cokali huɗu, sauran ya bi taga.

Rana ta shida da hantsi na dawo daga tafiya na tarar da mutane a bayan ɗakina. Kyalla na kwance, cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, tana nishi, kumfa na fita a bakinta. Inna ta durƙusa ta ɗora kan akuyar a cinyarta, tana ɗura mata ruwan kanwa, tana cewa, "Tashi mana, 'yar nan. Me kika ci?" Ni na san abin da ta ci, har da sunan gidan da aka dafa kowanne. Maimakon in yi shiru, sai na gyara tsayuwa na harɗe hannu a baya, yadda nake yi a aji, na shiga yi wa makiyaya bayani a kan ɗanyar ciyawar damina da yadda take kumbura dabba. Baba Ilu, ƙanen mahaifina, wanda ya yi shekara sittin yana bin dabbobi, ya dube ni ya ce, "Akuyar da ke ɗaure, busasshiyar harawa ake ba ta, ina ta ga ɗanyar ciyawa?" Na ce ai ilimi ya nuna abin yana faruwa.

Da aka ga ba za ta tashi ba, Baba Ilu ya ce a kawo wuƙa tun tana da rai. Inna ta zame cinyarta a hankali, ta koma gefe ta juya baya. A nan gindin bishiyar bedin gida aka rataye ta ana fiɗa, mata sun shigo yi wa Inna jaje, maza da suka dawo daga gona sun tsaya a zagaye. Abin da aka fara cirowa 'ya'ya biyu ne, sun gama haɗuwa har da gashi. Sannan Baba Ilu ya ce bari ya ga abin da ya kashe ta, ya sa wuƙa ya tsaga tumbi.

Wani tsami ya bugi hancin kowa. Shinkafa ta zubo, wake ya biyo, ga curin fura da bai gama narkewa ba. Gwaggo Hajo ta matso ta sunkuya, ta sa tsinke ta ɗago wani abu fari mai rami a tsakiya. Ta juya shi, ta sake juya shi. Ta ce, "Wannan ai makaronina ne."

Duk idanu suka koma kan Hadiza, don ita ke shiga da kwanuka tana fitowa da su. Sani ya daka mata tsawa, wai ta bar abincin baƙo a buɗe dabba ta ci. Yarinyar ta fara rantsuwa tana hawaye, ta ce wallahi a hannun Yaya take ajiye su. Kuma ni, babban mutum, na tsaya ina kallon ƙasa ina jira ko maganar za ta mutu a kanta. Wannan tsayuwar ce na fi jin kunyarta har yau. Sai da na ga Sani ya yi kanta, sannan na ce, "Ku ƙyale ta. Ni ne."

Ban san abin da ya hau kaina ba, sai na zaro takardar likita daga aljihu na warware, na fara karanta musu da Faransanci, layi bayan layi, gumi na ɗiga a kanta. Ba wanda ya katse ni. Da na kai ƙarshe na fassara a gurguje, na ce ƙiba ce ke neman kashe ni, an hana ni cin da yawa. Gwaggo Hajo, tsinken na hannunta har lokacin, ta ce, "To, ɗana, a takardar ne aka rubuta ka ba akuya?" Wani ya fashe da dariya a baya, ya haɗiye ta da sauri. Baba Ilu ya goge wuƙarsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kazarta guda ɗaya Hajo ta kai kasuwa ta sayo maka wannan. Jikokinta kunu suka sha jiya." Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe.

An raba naman gida-gida. Da rana Hadiza ta ajiye mini 'yar tsoka gasasshiya, idanunta a kumbure. Nama marar kitse yana cikin abin da takarda ta yarda in ci. Ban iya taɓa shi ba.

Bayan la'asar na tarar da Inna zaune kusa da turken, igiyar na yashe a ƙasa. Na durƙusa nesa kaɗan na ce ta yafe mini, gobe zan shiga kasuwa in kawo mata wata akuyar mai ciki. Can ta kira Hadiza ta ce, "Tambaye shi, furar ma duk ita ya ba?" Na ce ina kurɓa sau biyu. Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Ce masa dabba ta Allah ce, Ya bayar Ya karɓa. Amma kwana biyar ina karɓar ƙwarya wayam, ina cewa alhamdulillahi, har yanzu yana son abin hannuna. Ce masa da ya faɗa mini ba shi da lafiya, zogale ne babu a gidan nan ko tafasa?" Ta tashi tana dafe da kafaɗa ta shige ɗaki.

Na sayo akuyar. Inna ta ce a ɗaure ta can, ba ta sa mata suna ba. Sauran kwanakin hutun kwanukan dangi suka ɗauke ɗif, sai na Inna kaɗai, dafaffen ganye da ɗan ƙuli-ƙuli da tuwo daidai dunƙulen hannu. Ba gardama, ba roƙo, abin da na yi ta jin tsoron faɗa ya zama maganar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Darasin da na ɗauka ba mai zurfi ba ne. In likita ta hana ka ci, ka faɗa tun a ƙofar gida, ka sha kunyarka da ɗuminta, kada ka nemi abokin cin amana a cikin dabbobi, don su ba a binne su da sirri, feɗe su ake yi a gaban jama'a. Jikina ya ci gaba da raguwa, jinina ya sauka, wataƙila ni zan aurar da 'ya'yan nawa. Amma yanzu duk zuwan da na yi gida, in na cinye abin da Inna ta aiko aka mai da mata kwano, ina jin ta daga ɗaki tana tambayar Hadiza a hankali, "Kin ga ya ci da idonki?"