Rasuwar Majigin Kwaleji, Wanda Ya Cika Cikin Bargo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takaicin da ya ninka baƙin cikin, malamar darasin koyarwa da na'ura a kwalejin horar da malamai tana sanar da rasuwar Majigi. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara shida a duniya, kusan dukansu a kulle cikin kabad.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ruwansa da hayaniya. In an kunna shi sai ya ce "ƙit", ya ɗan yi "fuuu", ya haske bango tas. Sai dai rabon da a ji muryar nan tun ranar da aka kawo shi. In masu duba makarantu sun zo, a ɗora shi a tebur a yi hoto. Suna juya baya mai kula da sito zai naɗe shi cikin bargo ya mayar, wai kada hannun ɗalibai ya ɓata shi.

Don haka da alli malamar take koyar da shi. Ta zana shi a allo, ta zana maɓallin kunnawa, ta ja kibiya, ɗalibai su kwafe. Har jarabawa suke ci a kansa, alhali ko nauyinsa ba su sani ba. Abin kunya, wallahi! Ranar Asabar za a yaye ɗalibai tamanin da huɗu, kowa da takardar shaidar ya iya koyarwa da na'ura. Ita za ta sa hannu a wannan ƙarya, abin kuwa ya hana ta sukuni.

Wata uku tana sintiri a ofishin shugaban kwaleji kafin a ba ta aronsa na awa ɗaya. Mai sito ya kawo shi da kansa, rungume kamar jariri, ya kafa sharaɗi: bargo na nan a jikinsa, idon kawai za a buɗe. Ta yi bayani har bakinta ya bushe cewa ta kafofin gefe yake shan iska. Mutumin ya nuna mata shi ya raine shi shekara shida, ba wanda zai koya masa.

Ta kunna, ɗalibai suka yi layi. Tana cikin nuna musu yadda ake daidaita hoto, "fuuu" ta koma "garr-garr". Ta kai hannu za ta yaye bargon, mai sito ya tare. Ɗalibar farko ta miƙa yatsa ke nan, sai "fat!" Bango ya yi duhu, ƙaurin roba ya cika aji.

Ya rasu ya bar rimot sabo fil a leda, da wayoyi biyu da ba a taɓa warwarewa ba, da bargo, wanda ke nan cikin ƙoshin lafiya.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, a ajin da ya cika. Daga nan a mayar da gawar kabad, don shugaba ya ce za a ci gaba da fito da ita ga masu duba makarantu, tunda ba su taɓa cewa a kunna ba. Ba a buƙatar ta'aziyyar mai sito.

Malamar tana roƙon ɗaliban tamanin da huɗu su zo da wuri su sake yin layi, domin ba za ta sa hannu a takardar kowa ba sai ta ga yatsansa a kan maɓallin. Mai sito ya yi sassauci: yanzu kowa na iya dannawa, har sau biyu in yana so.