Rasuwar Mai Jiran Baƙi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafa mai cike da gajiya, ni Al'amin na Madarumfa nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar ordinatar ɗina, wato kwamfuta, wadda muke kira Mai Jiran Baƙi. Ta cika ranar Talata bayan La'asar, a kan rufin ɗakina, cikin ruwan farko na bana.

Marigayiyar ta yi shekara uku tana aikin serbar, wato ta zauna gida ta miƙa shafi ga duk wanda ya nema daga nesa. Abin da na ɗora mata shi ne muryar mahaifinmu, awa arba'in da na ɗauka kafin Allah Ya karɓi abinsa, yana ba da labarin tabki da kakanninmu masunta. Don yayata Rahama na yi, da ke aure a Kano, wadda ba ta samu jana'izarsa ba.

Baƙo ko ɗaya bai taɓa shigowa ba. Kampanin rezo, masu ba mu intanet, ya toshe ƙofar shiga: fita halal, shigowa haram. Na sauya ƙofa, a toshe. Na sake wata, a toshe. Na hau moto na tafi Maraɗi, aka ce adireshinmu na intanet ɗaya ne da na mutum ɗari, in je in yi haƙuri. Cikin gida shafin yana buɗewa tar, Baba yana magana har da tarinsa. Ka yi taku ɗaya waje, shiru.

Duk da haka ba ta taɓa gajiya ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ta koma batir. Zafi ya yi zafi, fankarta na ta "fuuu, fuuu". Da safe ta yi "tit" ɗaya, ta ci gaba da jira.

Ajalinta kuwa, ni na jawo. An ce mini rezon Najeriya ba ya toshe ƙofa, kuma daga sama ana kama shi. Na sa tsani na hau da ita. Na juya ta gabas, na juya ta kudu, na ɗora ta a kan turmi. Sanda ɗaya ta rezo ta leƙo! Na diro da gudu in kira Rahama, hadari ya riga ni komawa. Kalmar marigayiyar ta ƙarshe "tsss" ce.

Sau nawa Rahama ta ce in aiko mata ko ta waya, ko da minti biyar ne? Na ce a'a, sai ta ji duka a shafinmu. Yaya, ki yafe mini.

Mai Jiran Baƙi ta rasu ta bar sharja mai ɗaurin roba, da linzamin kwamfuta da ba ya danna dama, da diski guda, wanda a cikinsa kaɗai muryar Baba take. Kwana biyu ban iya cin tuwo ba, sai jiya Garba mai gyara ya buɗe shi. Baba ya yi tari.

Za a sa gawar a kwali ranar Juma'a bayan Masallaci, a kai ta shagon Garba, mai bukatar ekran, wato gilashin fuskarta, ya same shi can. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, ban da shawara. Muryar Baba kuma an kwafe ta sau uku. Ɗaya za ta bi Illo direba ta hanyar Ɗan Issa zuwa Kano ranar Asabar da safe, cikin aljihun rigarsa. Yaya, ki fito tasha da Azahar.