Ranar da Aka Yi wa Tarihi Wanka

Allah bai hana garin nan manyan mutane ba, amma a cikinsu babu na biyun Shugaban Kwamitin Ceto Tsofaffin Gidajen Dutse. Mutum ne da ilimi ya cika shi har yana zuba. Ya taɓa zuwa kwas ƙasar waje, kwana uku cur, har da ranar tafiya da ranar dawowa. Tun daga nan bai sake buɗe baki ba sai da "A can". A can ba a yin haka. A can dutse ma ya san matsayinsa. Shi ya sa a gabansa ake cewa ranka ya daɗe, a bayansa kuwa Malam A-Can. Yana da farar hular kwano wadda ƙura ba ta taɓa samun alfarmar hawa ba, da tef ɗin awo da yake ratayawa a wuya. Ba a taɓa ganin ya warware shi ba, amma ai zaki ma ba kullum yake fito da farce ba.

Aikin farko da ya faɗo hannun kwamitinsa shi ne gidan Iya, wata tsohuwa da ta shekara hamsin da takwas a ɗaki guda. Bangon ɗakin na gabas ya yi ciki, tsagar jikinsa har hannu na shiga. Aka kira Baba Magini. Ya duba, ya ce sai an sauke bangon an sake ɗora shi, kuma kafin ruwan farko, saura mako bakwai. In damina ta tarar da rufin a kan katakon tokara, ɗaki ya tafi. Iya ta koma falon surukarta, tana kwana tsakanin firji da keken ɗinki.

Irin wannan bango ba bulo ba ne. Kowane dutse da kwanciyarsa, da maƙwabcin da ya saba da shi. In ka sauya masa wuri, sai ya yi ta mutsu-mutsu har ya ture na kusa. Don haka kafin Baba ya cire kowanne, sai ya rubuta masa lamba: layi na nawa, na nawa daga kusurwa. Da alli yake rubutawa, don fenti na ɓata fuskar dutse. Dutse ɗari huɗu da goma sha biyu, kwana tara yana saukewa, ya shimfiɗa su a tsakar gida layi-layi.

Ranar Talata Baba ya tafi sayo farar ƙasa. Ranar ce Malam A-Can ya kawo ziyara, da takarda a aljihu mai cewa masu duba aiki za su zo daga hedkwata. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga tarihin al'umma an yi masa jagwalgwalo da alli kamar allon makarantar firamare. Zuciyarsa ta karaya.

"Wane marar tarbiyya ne ya yi wannan ɓarna?" in ji shi. "A can, wanda ya rubuta ko ɗigo a jikin kayan tarihi sai ya ga alƙali! Ku kawo bokiti da buroshi. Ku jera su bisa girma, manya a gaba, ƙanana a baya. Tsari shi ne uwar adanawa."

Wani lebura ya ce, "Ranka ya daɗe, ai Baba ya ce..."

"Wa ya je kwas, ni ko Baba?"

Aka yi wa duwatsu wanka. Don nuna shugabanci nagari, shi da kansa ya naɗe hannun riga ya wanke guda biyu.

Da la'asar Baba ya dawo. Ya tarar da duwatsu suna sheƙi, a jere kamar 'yan fareti. Ya cire hula, ya mayar. Ya zauna a bakin baro.

"Ba sai ka yi godiya ba," in ji Malam A-Can. "Aikinmu ne."

"Ranka ya daɗe, lambobin nan su ne bangon. Yanzu tulin duwatsu kawai gare mu."

Garin gyaran gira an rasa ido. Amma babban mutum ba ya rasa mafita. Ya ce kada a damu, ya sa an ɗauki hoton bangon har arba'in da uku kafin a sauke shi. Aka buɗe waya. Hotuna sun yi kyau ƙwarai. A cikin kowanne ana ganin Shugaba daga hula zuwa takalmi, yana nuna wani abu da yatsa, sai ɗan dutse ɗaya ko biyu na leƙowa ta bayan kunnensa.

Washegari da safe Iya ta fito da sandarta, ta tarar da Baba yana jujjuya wani dutse yana tsaki.

"Kai ɗan nan, wannan ai na gefen taga ne. Ba ka ga inda marigayi yake wasa wuƙa ba?"

Baba ya ɗago kai. "Iya, kin san sauran?"

"Shekara hamsin da takwas ina kallonsu, su ma suna kallona. Ko mijina ban kalla haka ba."

Aka kawo mata kujera. Baba na ɗagowa, tana shafawa. Wannan mai ramin ƙusa, nan ake rataye fitila. Wannan mai ɓallin kunne, autanta ne ya fasa goshi a kai. Ta gane ɗari da sittin, duk na iya tsayinta. Sauran kuwa Baba ya yi ta gwadawa, ya ɗora ya sauke, ya ɗora ya sauke, har fatar yatsunsa ta saɓule. Aikin mako biyu ya ci mako biyar. Ranar da aka cire tokara ta ƙarshe, hadari ya riga ya fara haɗuwa a gabas. Aka mayar wa Iya gadonta, da kanta ta nuna inda za a ajiye.

A ranar ce masu duba aiki suka iso. Malam A-Can ya tarbe su da jawabin minti hamsin. Ya ce an yi amfani da sabuwar hanyar kimiyya mai suna shigar da al'umma cikin aiki, wadda shi ya shigo da ita ƙasar nan. Babbar jami'ar ta saurara cikin haƙuri, sannan ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban tsohuwa, ta buɗe fom ɗin da ake lissafa ma'aikata.

"Iya, wa ya gina bangon?"

"Ga shi can, mai farin gemu. Allah ya yi masa albarka."

"Wannan mai hular fa, me ya yi?"

Iya ta ƙura masa ido, don ita ba ta cin haƙƙin kowa.

"Shi ma ya yi ƙoƙari, 'yar nan. Shi ne mai wanki."

Rahoton yana nan a fayil, shafi na uku: magini ɗaya, lebura huɗu, mai ba da shawara ɗaya (Iya ke nan), mai wanki ɗaya.