Honarabul Sallau da Ƙudiri na Sittin da Uku

Wani mutum ne a garin Tudun Gawo, ana ce masa Sallau Ɗanbirni. Da can dillalin albasa ne, kuma tun a lokacin bakinsa ya fi jarinsa girma. In ya sayar da buhu goma da safe, kafin la'asar sun zama tirela biyu a bakinsa. Ana nan sai Allah ya nufa aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki ta jiha, karo na farko. Jama'a, sai abin ya zama ba a magana.

Duk Juma'a in ya zo gida, sai ya baje a ƙofar gidansa, ya tura hula ƙeya.

"Ni fa in na yi gyaran murya a zauren majalisa, Kakaki ajiye gudumarsa yake yi. Gwamna ma ba ya karyawa sai ya ji me na ce."

Gaskiyar magana kuwa, wata tara da rantsar da shi, sau ɗaya tak ya buɗe baki a zauren. Shi ma cewa ya yi a kashe fanka, tana kaɗa masa babbar riga.

Kwatsam sai wata ƙungiyar masu bincike ta sanar a rediyo cewa za ta auna ƙwazon sababbin 'yan majalisa. Za a duba ƙudirin doka nawa kowannensu ya sa wa hannu don mara wa mai shi baya. Nan da mako shida a fitar da sakamako, kowa ya ji.

Washegari Sallau ya faɗa ofishin magatakardan majalisa ko sallama babu.

"Malam, duba min. Nawa gare ni?"

Magatakarda ya buɗe fayil, ya rufe. "Ranka ya daɗe, babu."

"Babu kamar yaya?"

"Kamar sifili, ranka ya daɗe."

Sallau ya fice a guje. A ranar ya sayo kwalin biro guda cur. Daga nan 'yan majalisa suka shiga uku. Duk wanda ya gani da takarda a hannu, caraf ya cafke.

"Ƙudiri ne? Kawo!"

Ya sa hannu a kan matakala. Ya sa a kan murfin mota. Ya tare wani a bakin masallaci da takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce ya duƙa, ya dafa bayansa ya rattaba. Har katin ɗaurin auren 'yar wani ya sa wa hannu, sai da aka fizge.

To, akwai wani tsohon hannu a majalisar, Honarabul Mati Gambo, mai wakiltar Rafin Kanya, garin da ke maƙwabtaka da Tudun Gawo. Karo na uku ke nan ana zaɓensa, mutum ne shiru-shiru. Ran nan ya iso da wasu takardu.

"Ƙanena, ga wani ɗan ƙudiri. Amma ka tafi da shi gida ka karanta a tsanake tukuna."

"Karanta? Haba Yaya! Ni da wutsiyar ido nake gane ƙudiri. Ina wurin?"

Mati ya nuna da ɗan yatsa. Sallau ya zana sa hannu ƙato, har ya haura layi. Mati ya hura tawadar, ya ninke, ya yi godiya sau uku.

Sakamako ya fito. Sallau ne na ɗaya, ƙudiri sittin da uku! Mai bi masa goma sha ɗaya gare shi.

Ai fa sai shagali. Sallau ya sa aka kafa rumfuna a tsakiyar kasuwar albasa ta Tudun Gawo, ranar da take ci. Kasuwar nan ita ce cin garin, ita ce shansa. Manomi, dillali, ɗan dako, mai shayi, duk a jikinta suke. Aka ɗauko makaɗa, aka kira gidan rediyo su watsa kai tsaye, aka gayyato shugabar masu binciken, Dakta Saratu Mijinyawa, ta zo ta faɗa da bakinta.

Sallau ya karɓi abin magana, ya gyara riga, fuu.

"Jama'ar Tudun Gawo! Ƙudiri sittin da uku! Kowanne sai da na bi shi layi-layi, har waƙafi na gyara musu. Idona har ya kumbura don karatu. Dakta, zo ki karanto musu ɗaya bayan ɗaya, maƙiya su mutu!"

Dakta Saratu ta miƙe, ta ce, "Honarabul, mu fa yawan sa hannu kawai muka ƙirga. Ba mu ce..."

"Karanto kawai, Dakta!"

Ta fara. "Na ɗaya, ƙudirin gyaran makabartu."

"Ni na ba da shawararsa!" Ganga ta ce dum, dum.

Haka aka yi ta tafiya, kowanne shi ya ba da shawararsa. Da aka zo na ashirin ta ce, "Ƙudirin hana sayar da fetur a galan." Aka tafa. Ta ce, "Na ashirin da ɗaya, ƙudirin halatta sayar da fetur a galan."

Masu tafi suka tsaya da hannu a sama. Sallau ko gezau.

"Dabara ce! Duk wanda ya ci, da ni aka ci. Siyasa ba ta yara ba ce!"

Aka yi shewa, aka ci gaba. Can aka iso na ƙarshe. Dakta ta dubi takardar, ta dubi taron, ta rage murya.

"Honarabul, wannan na Mati Gambo ne, ko mu bar shi? Shi kaɗai ne ya riga ya tsallake karatu na biyu. An ce da ba don sa hannunka ba, kai da ke wakiltar garin nan, da ko kallonsa majalisa ba za ta yi ba."

Sallau ya yi tsalle ya dire.

"Kun ji ko? Shi za ki bari? Wannan ai ɗana ne, ni na haife shi! Mati Gambo jaka kawai ya riƙe min. Ƙara mata sauti!"

Aka ƙure lasifika. Dakta ta numfasa, ta karanta.

"Na sittin da uku. Ƙudirin tayar da kasuwar albasa daga Tudun Gawo, a mayar da ita Rafin Kanya."

Tsit! Makaɗi ya tsaya da sanda a sama. Wani ɗan dako ya saki buhu, tim, albasa ta yi ta gangarawa har gaban rumfa.

Sai ga Goggo Dudu, shugabar mata masu albasa, tsohuwar da ta san Sallau tun yana yawo ba wando. Ta dogara sanda ta iso gabansa.

"Sallau."

"Na'am, Goggo."

"Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka karanta takardar nan, ko ba ka karanta ba?"

Sallau ya dubi dama, 'yan dako sun fara naɗe hannun riga. In ya ce ya karanta, ya sayar da garinsu. Ya dubi hagu, ga mutumin rediyo ya miƙo masa abin magana har bakin hanci. In ya ce bai karanta ba, duk jiha na saurare.

"Goggo, wato, a tsarin majalisa..."

"Ka karanta, ko ba ka karanta ba?"

Wani ƙaton ɗan dako ya matso taku ɗaya. Sallau ya fashe.

"Wallahi tallahi ban karanta ba! Ko ɗaya ban karanta ba! Duk sittin da ukun, ko kanunsu ban duba ba!"

Lasifika ta kwashi maganar ta kai har tashar mota. Kasuwa ta ruɗe, masu salati na yi, masu dariya har da faɗuwa kan buhu. Sallau ya zube a kujera, hawaye shar-shar har gemu.

Mutumin rediyo ya duƙo. "Honarabul, kuka kake yi?"

"Wane irin kuka? Albasa ce ta shigar min ido."

Goggo Dudu ta kwance ɗan gyalenta ta miƙa masa.

"Ungo, share. Yi haƙuri, ɗan nan. Ai ka riga ka yi maganinta. Daga wata mai zuwa in kana son albasar da za ta sa ka hawaye, sai ka hau mota zuwa Rafin Kanya."