Ranar da Na Wanke Dutsen Sama

Da dutse ya faɗo daga sama a gonarmu ta Gazawa, na rantse sai ya je gaban masana. Ƙanwata Hadiza tana karatu a Turai, a labo inda suke auna sinadarin fuluwor na irin waɗannan duwatsu da na'urar nukiliya. Ta ce in aiko shi yadda yake.

Ni kuwa ba zan aika dutse duk ƙasa ya ba gidanmu kunya ba. Na samo buroshi da man goge haƙori, na dirje shi lungu-lungu. Matata ta ce in bari, na ce mata harkar kimiyya ce.

Bayan na aika an auna, Hadiza ta kira ni. "Yaya, fuluwor ɗin dutsen nan ya wuce hankali. Me ka shafa mashi?"

Na faɗa mata da alfahari. Ta ce man haƙori cike yake da fuluwor, awon ya lalace.

Labari ya bazu cikin gari. Har yau in na shiga tasha, sai 'yan kabu-kabu su washe baki: "Likita, a goge mana namu!"