Ranar da Na Haska wa Surukina Majigi

Ko zan manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya zo kallo gidana ba.

Ni mutum ne mai son haɗa abu da hannunsa, kuma ba na raina kaina. Da na ƙudura sai na yi silima a falona da ke Fagge, ban sayi haɗaɗɗiyar kwamfuta ba. Sabon Gari na shiga, shagon abokina Chinedu, na tsinto kayan cikinta ɗaya bayan ɗaya, na zo gida na haɗa. Na kafa majigi a kan kanta can sama, na shafe bango da farin fenti. Kwamfutar kuwa na kulle ta a kabad, ba ta jin maganar kowa sai rimot, kuma da an kunna za ta fara haska bidiyon da ke cikinta bi da bi. Har batir na sa wa kayan gaba ɗaya, don kada ɗauke wuta ya katse kallo. (Aiki ya yi kyau, wannan ko maƙiyina ya shaida.)

Ana nan sai matata Rukayya ta ce Baba, mahaifinta, yana son ganin bidiyon bikin ƙanwarta, amma idonsa ba ya iya kallon waya. Baba tsohon shugaban makaranta ne, mutumin da tun da na auri 'yarsa ban taɓa tsayawa gabansa ba hula ba.

Na ce, "Ki ce ya zo. Zai ga amarya ta fi ƙofa tsawo."

Ranar Asabar bayan la'asar suka iso, shi da surukata Hajiya da ƙannen Rukayya. Chinedu ma ya zo ganin abin da kayansa suka zama. Na saki labule, na yi ɗan jawabi a kan ingancin aikina, na danna rimot.

Ba amarya ce ta fito ba. Ni ne.

Ashe bidiyon da na ɗauki kaina ranar da na gama haɗin, don gwada sauti, yana nan ban goge ba. Ga ni daga ni sai gajeren wando, tumbina ya cika bango, ina tiƙar rawa ina yi wa kaina kirari: "Sai ni Injiniya, mijin Rukayya! Ko Baba ya gani sai ya sara mini!" Ban tsaya nan ba. Sai na goya hannu a baya, na yi gyaran murya irin ta Baba, na ce, "To, to, madalla. Yaro ya yi ƙoƙari."

Na danna rimot a gigice, ƙara ta ƙaru. Na fizge wayar wuta daga bango, batirin nan da nake taƙama da shi ya ci gaba da aikinsa. Makullin kabad kuwa na rasa inda na ajiye. Na tsaya a gaban hasken don in tare, sai hoton ya dawo kan farar rigata, tumbi a kan tumbi. A ƙarshe kujera na taka, na cire hulata na toshe idon majigin.

Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Rukayya ta gudu kicin. Chinedu ya duƙa wai yana gyara igiyar takalmi, alhali silifas ne a ƙafarsa.

Baba ya dube ni a kan kujera, kai ba hula. Ya yi gyaran murya.

"To, to, madalla," in ji shi. "Yaro ya yi ƙoƙari. Sauko ka sa mana na bikin."

An kalli biki lafiya, hoto tas, Baba har ya gane mutanen da ke layin baya. Ni dai ban ga komai ba, ƙasa nake kallo.

Har gobe ina haɗa na'urori, kuma har gobe na iya. Sai dai yanzu kafin in koya wa abu yadda zai kunnu, sai na tabbatar na san yadda ake kashe shi. Gwaji kuma, ko na tocila ne, sai na sa riga.