Jami'ar Alhaji Labaran Mai Masara

Duk kasuwar Kafin Maiyaƙi babu mai kaifin basira irin Alhaji Labaran mai masara. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba a taɓa jin ya janye ba.

Shekarar da rediyo ta ce ana shirin dokar da za ta bar masu hali su buɗe jami'a, har su yaye malamai su ba su takardar shaida, ragwaye suka tsaya jiran a sa hannu. Alhaji kuwa ya ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Ya sa aka kwashe buhuna daga sito, aka shafa farar ƙasa, ya aika Kano neman izini, ya ce daga yau a kira shi Uban Jami'a. 'Yan kasuwa, da yake masu ladabi ne, suka ƙara masa da Farfesan Mudu.

Bai taɓa zama a aji ba, amma wannan ai ƙaramin abu ne. "Ni da ke gane buhu mai ƙwari tun ba a kwance shi ba," in ji shi, "malami ne zai gagare ni?" Da ido yake jarrabawa. Mai tsawo da murya ya ci, mai tari ya faɗi. Cikin wata biyu ya yaye mutum goma sha biyu, surukinsa Habu ne na ɗaya.

Izinin nan kaɗai ke hana shi sakat, don ya riga ya cika baki a bainar jama'a. Sai ga wasiƙa daga Kano, da Turanci, da hatimin hukuma. Ya miƙa wa Habu. Habu ya daɗe yana kallonta, ya gyara murya, ya ce, "Alhaji, an amince." Sauran sha ɗayan suka duba, suka ce ƙwarai kuwa.

Aka sa ta a gilashi aka rataye, aka yanka sa, gari ya ci ya yi hamdala.

Bayan sati uku Malam Shitu, hedimastan firamare, ya zo barka ranar kasuwa. Alhaji ya ja shi gaban bango.

"Karanta da ƙarfi, Malam, mahassada su ji."

Malam Shitu ya karanta a zuci, ya juyo wurin Alhaji.

"Ranka ya daɗe, daga ofishin gona take. Cewa suka yi ka zo ka ɗauki takin zamaninka kafin Alhamis ta wuce, in ba haka ba a ba wani."

"Wace Alhamis?"

"Wadda kuka yanka sa."